Zuwa ga kamfanin da ya sayar min da 'yan tsaki da sunan "Americana"

Barkanku da aiki. Na turo muku saƙo sau biyu shiru, shi ya sa na kawo maganar fili ko wani zai tsira.

Na yi odar 'yan tsaki a wajenku saboda 'yata da ke son shiga gasar nunin kaji, a shafinku kun rubuta Americana, ni kuma na ɗauka Ameraucana ce, nau'in kazar nan mai shuɗin ƙwai, tunda haka sunan yake fita a baki. Yarinyar nan wata takwas tana wahala da su, kullum kafin ta tafi makaranta sai ta duba ruwansu, ranar gasa alƙali ya ɗaga kazar ya kalli ƙafarta kawai yace wannan Easter Egger ce, ruwa biyu. Ƙafarta koriya, alhali ta Ameraucana ruwan toka ce mai duhu. Wallahi kukan da ta yi a mota har yanzu yana min ciwo.

Kuma ai kun san bambancin, sana'arku ce. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka, APA, ta amince da Araucana a 1976, wadda asalinta daga Chile ne, ba ta da bindi sam, gashi kuma na tsirowa ta gefen kunnuwanta. Ameraucana sai 1984, ita tana da bindi da gemu da saje. Easter Egger ko ba ta cikin kundin APA ma, duk kaza ruwa biyu da ta gaji ƙwai shuɗi ko kore haka ake ce mata. Na yarda akwai ruɗani dama, a Ingila Araucana mai bindi da tukku ma karɓaɓɓiya ce, to ku da ya kamata ku warware wa mutane sai ku ƙaro suna na huɗu?

Da suka fara ƙwai na ga kore ya kamata in farga. Shuɗin asali har cikin ɓawo yake, in aka samu kore to jinin mai ƙwai ruwan ƙasa ne ya shigo ya rufe shi ta waje.

Kajin lafiyarsu lau, muna son abinmu, ba za mu rabu da su ba. Amma dan Allah ku goge sunan nan, ku rubuta Easter Egger ɓaro-ɓaro, ku ƙara da cewa ba ta gasa ba ce. Sannan ina jiran kuɗina, rasit na nan a hannuna.

Uban yarinyar da aka cire daga gasa