Zaburar da aka samu ƙarƙashin kan wata yarinya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Shekarata huɗu ina karatu a Azhar, amma sai makon jiya na taka gidan tarihin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da ke tsohuwar Alƙahira. Wani dattijo Kirista mai sayar mana da burodi ne ya yi ta min naci. Ya ce, "Ɗana, Mariya, uwar Ibrahim ɗan Manzonku, ai 'yar cikinmu ce. Je ka ga kayan danginta." Wannan maganar ce ta kai ni. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mar Girgis, ga gidan nan kusa da cocin da ake kira Mu'allaƙa, tafiya kaɗan kuma daga masallacin Amru ɗan Asi.

Wani Bakibɗe mai suna Markus Simaika ne ya kafa gidan tarihin a 1908. Akwai zanen Annabi Isa da Nana Maryam a kan katako, da tsofaffin saƙe-saƙe, da tsofaffin littattafan addini da manoma suka tono kusa da garin Nag Hammadi a 1945. Zane-zanen ban daɗe a gabansu ba, domin aƙidata daban ce, kuma ba wanda ya nemi in sauya ta.

Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban wata ƙaramar Zabura mai bangon katako, da harshen Kibɗanci. A 1984 aka same ta a wata maƙabarta kusa da garin Bani Suwaif, kudu da Alƙahira, an yi wa wata yarinya matashin kai da ita a kabarinta. Ta kai kimanin shekara 1,600, amma tawadar na nan, layi-layi. Na yi ta tunanin iyayen da suka rabu da littafi mai tsada irin wannan, a zamanin da sai da hannu ake kwafa, don 'yarsu.

Nan take gafakar kakana ta faɗo min a rai. Alƙur'ani rubutun hannunsa da waƙoƙin ajami suna cikin wani akwati a soronmu a Zariya, gara ta riga ta ci gefe guda. Ba su kai shekara ɗari ba. A daren na kira kawuna, na roƙe shi ya ɗauke akwatin daga ƙasa kafin damina. In Allah ya kai mu hutu, zan ɗauki hoton kowane shafi.

'Yan'uwana ɗalibai da ke Masar, ku ware wuni ɗaya ku je, ku nemi a nuna muku Zaburar nan.

Naku,
Wani ɗalibi daga Zariya,
Alƙahira