A tantance ƙwayoyin da ake reno a ɗakunan gwaji kafin a dogara da su

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga hukumomin kiwo da malaman jami'o'inmu a kan wani abu da ba a cika zancensa ba. Duk ɗakin gwajin da ke renon ƙwayoyin jikin dabba a cikin kwalba, a wajabta masa yi musu gwajin DNA, a tabbatar ko na wace dabba ce, kafin a gina bincike ko a haɗa allura a kansu.

Ni tsohon malamin dabbobi ne, rayuwata ta ƙare ne a yawon rigakafi tsakanin Dakoro, Mayahi da Tasawa. Makiyayi da yawa ba su san cewa allurar PPR, annobar ƙananan dabbobi, da muke yi wa awaki da tumaki a kan ƙwayoyin ƙodar biri ake renon birus ɗinta ba. Sunansu Vero, an ɗebo su daga wani koren biri na Afirka a Jami'ar Chiba ta Japan a 1962, kuma har yau jikokinsu ne ke yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. Irin birus ɗin da aka raunana, Nigeria 75/1, a kansu aka yi ta maimaita shi har ya daina kisa. Allurar ciwon baki da kofato ta shanu kuma a kan BHK-21 ake yinta, ƙwayoyin ƙodar wani ɗan ƙaramin dabba mai kama da kusu. Ba kowane birus ke yarda da kowace ƙwaya ba. In aka ba shi wadda ba tasa ba, sai ya ƙi yaɗuwa yadda ake so.

A kasuwar dabbobi, dillali na ɗaga ido ya san jar akuyar Maraɗi ta asali da wadda aka gauraya, daga gashi da ƙira. A cikin kwalba babu wannan. Kwanan baya ɗan ƙanena da ke karatu a wata ƙasa maƙwabciya ya nuna mini hoton tasa kwalbar a waya: ruwa ja-ja, ƙwayoyi sun shimfiɗe a ƙasa, an rubuta suna da alƙalami a gefe. Na ce masa, “Wa ya tabbatar maka su ne?” Ya ce, “Baba, ai ga shi a rubuce, kuma abokin malaminmu ne ya aiko da su.” Na kwana ina tunanin amsar nan. Yaro ne mai ƙwazo, zai zuba shekarunsa a kan wannan kwalba, shaidarsa kuwa rubutun hannun wani ne da bai taɓa gani ba.

Gaurayar ba ta buƙatar mugunta. A buɗe kwalba biyu lokaci guda, ko a tsotsi ruwa da bututu ɗaya, ko takardar suna ta ɓalle a cikin sanyin ruwan azot da ake daskarar da ƙwayoyin, shi ke nan. Ƙwayar da ta fi saurin haihuwa sai ta cinye wurin, ta bar sunan mai gida a jikin kwalba. Haka HeLa ta yi, ƙwayoyin da aka ɗauka daga Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1951. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa layuka da dama, wato zuriyoyin ƙwayoyin da ake reno, da masana ke ɗauka na hanta ne ko na maƙogwaro, duk HeLa ce ta mamaye su. A ɓangaren dabbobi akwai RGC-5, wadda aka fitar a 2001 a matsayin ƙwayar jijiyar idon babban ɓera. Masu binciken makanta suka yi ta aiki da ita, sai a 2009 gwaji ya nuna ta ƙaramin kusu ce, jinsi daban. Kwamitin ICLAC na duniya mai tantance layukan ƙwayoyi, da aka kafa a 2012, yana riƙe da jerin layuka sama da 500 da aka gano sunansu na ƙarya ne, kuma wani nazari na Horbach da Halffman a 2017 ya ƙirga maƙaloli fiye da 32,000 da aka rubuta a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Wannan ya faru ne a ƙasashen da ke da kuɗi da kayan aiki. Mu da yawancin abin da ke hannunmu aro ne da kyauta, mun fi kowa buƙatar bincikawa.

Gwajin kansa ba abin tsoro ba ne. Ana ciro DNA, a ninka wani guntu mai suna COI da na'urar PCR, tsawonsa harafin DNA 650 ko kusa da haka, a karanta, a gwada da rumbun bayanai na duniya. Nan take a san biri ne, kare ne ko kusu. Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar a 2003. Ita jinsi kaɗai take faɗa. In ana son bambance layi biyu na jinsi ɗaya, sai a koma ga gwajin STR, irin wanda ake yi wajen tabbatar da uban yaro. Inda babu na'urar karantawa, ana iya aika samfurin waje. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tun 2016 take tambayar mai neman kuɗin bincike yadda zai tantance kayan aikinsa.

Ba zargin kowa nake ba, kuma na san alluran PPR na nahiyarmu suna bi ta cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka a Bishoftu, Habasha, domin awon inganci. Damuwata tana tun daga tushe, inda ɗalibai ke koyon aikin. Duniya ta ɗauki alkawari a Abijan a 2015 cewa za a kawar da PPR nan da 2030, kamar yadda aka gama da bushiyar shanu a 2011. Wannan aiki da yardar makiyaya ake yinsa, kuma na ga yadda mace mai awaki uku take juya wa ƴan rigakafi baya in dabbarta ta mutu bayan allura, ko da dalilin mutuwar daban ne.

Don haka ina roƙon Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da LABOCEL, babban ɗakin gwajin kiwo da ke Yamai, da ma'aikatar kiwo su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya: a gwada ƙwayoyi ranar da suka shigo, a sake kafin a daskarar da su, a kuma maƙala takardar sakamakon a jikin kundin kowane ɗalibin da ya yi aiki da su. Kuɗin gwajin a sa shi cikin kasafin binciken tun farko, kada a bar wa ɗalibi ya nemo daga aljihun iyayensa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Tsohon malamin dabbobi,
Unguwar Zariya, Maraɗi