Tun Daren Laraba Nake Shan Zagi a Shago Saboda Shirinku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aiki.

Malam Edita, shirinku na daren Laraba ya ɗora mini jakar tsaba. Tun da gari ya waye ranar Alhamis, duk wanda ya tsaya bakin shagona sai ya ce, "Malam, ku ji tsoron Allah mana, rediyo ta ce kaya sun sauka." Wata dattijuwa sa'ar mahaifiyata, wadda ta fi shekara goma tana awo a wurina, sai da na gama auna mata gero ta juye mini shi a buhu, ta ce gara ta nemi mai imani. Na ce, "Inna, wallahi yadda na sayo watan jiya haka na sayo wannan karon a Mai'aduwa, ko kwabo ba a rage mini ba." Ta ce to ni da rediyo wa ya fi sani? Na rasa bakin magana. Azumi ga shi a bakin ƙofa, ni kuma an mayar da ni azzalumin unguwa.

Baƙon naku ya ce hauhawar farashi ta faɗo daga kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairun 2025. Har nan ba ni da ja, haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar. Amma sai ya ɗora da cewa wai ke nan kaya sun yi sauƙi da kashi goma, 'yan kasuwa ne kawai suka ƙi ragewa. Mai gabatarwa kuwa, maimakon ya tare shi, sai ya ce "Madalla!" Wannan madallar ita ta fi ƙona mini rai.

Na yi shekara ashirin da bakwai ina koyar da lissafi a sakandare kafin na yi ritaya na buɗe wannan ɗan shagon. Ɗan aji uku da ya kawo mini irin wannan amsa, da jan biro zan bi shi. Adadin nan gudun tashin farashi yake aunawa. Direban da ya taso daga Daura zai je Katsina, ya rage gudu daga 120 zuwa 90, shin ya juyo gida ke nan? Yana nan yana tafiya gaba. A ce abu yana naira 1,000 a Janairun 2024. Idan ya bi wannan adadi na 24.48, a Janairun 2025 ya doshi naira 1,245. Ina sauƙin yake a nan? Ƙari ne a kan ƙarin da muka riga muka sha tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Wannan ma ƙaramin laifin ne. Babban shi ne awa guda cur kuka yi, babu wanda ya ambaci cewa an canza tiya. Daga adadin Janairun 2025 ne hukumar ta sake ma'aunin da take lissafi da shi. Da can da shekarar 2009 take gwadawa, yanzu ta koma 2024. Ta sabunta jerin kayan da take bin farashinsu, ta kuma sake nauyin da kowane kaya yake da shi a lissafin. Abinci da ya fi rabin ma'aunin a da, yanzu ya dawo wajen kashi 40. To abinci shi ne ya fi komai tsalle, in ka rage masa nauyi dole jimillar ta sauko. (A gidana dai, da yara tara da jikoki, abinci bai san an rage masa nauyi ba.) Duk mai awo ya san ba ka auna jiya da babbar tiya, yau da ƙarama, sannan ka ce hatsi ya yi albarka. Adadin Disamba da na Janairu ba tiya ɗaya aka auna su ba, bai kamata a jera su a cire wannan daga wancan ba.

Kada a ce ina ƙaryata masu ƙididdiga. Sam. Sabunta ma'auni daidai ne. A 2009 wa yake ware kuɗin data a wata, wa yake biyan mai POS? Kuma hukumar ba ta ɓoye ba, ta sanar cewa ta sake ma'auni. Ni kaina na yi aikin ƙidayar 2006, na san wahalar bin gida-gida cikin rana, ana maka kallon mai karɓar haraji. Mutane sun yi gumi sun tattaro adadi, ku da aikinku shi ne ku fassara mana shi da Hausar da Inna za ta gane, sai kuka fassara shi a karkace. Talaka ba zai je intanet ya buɗe rahoto mai shafi da yawa da Turanci ba. Abin da ya ji daga bakinku shi ne ƙididdigar, shi ke nan.

Kuma ba yau kuka fara ba. A 2023 a wannan shirin ne aka yi ta murna wai rashin aikin yi ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa kashi 4.1. Nan ma babu wanda ya ce sabon ma'aunin yana lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a cikin masu aiki. Ɗana na biyu yana da digiri, ya gama hidimar ƙasa, yana zaune. Ranar da ya taya wani lodin kaya a tasha aka ba shi na sabulu, a wannan ma'aunin ya zama ma'aikaci. Akwai dalilin da ya sa ake auna shi haka, don ƙasashe da yawa haka suke yi, amma sai a faɗa mana, mu san abin da muke ji. Daren nan yaron tashi ya yi ya bar ɗakin, bai ce uffan ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku sake shirin kafin a ga wata. Ku gayyato wani daga hukumar, ko malamin tattalin arziki daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta nan kusa da ku, ku zaunar da shi tare da mai awo guda ɗaya da uwar gida guda ɗaya. A yi maganar da naira da tiya, a bar "kashi kaza cikin ɗari" haka tsurarsa. Sannan hukumar tana fitar da adadin kowace jiha duk wata, me ya hana ku karanta mana na Katsina? Kullum sai na ƙasa baki ɗaya, wanda aka cakuɗa kuɗin hayar gida a Legas da farashin dawa a Daura. Kuma mai gabatarwa ya fito ya ce an yi kuskure, da bakinsa, a lokacin da aka saba sa shirin, don Inna ta ji.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in faɗi wannan ma. Sanarwar rasuwa da kuke jinkirtawa sai bayan tallan masu maganin basir da sanyi, wace irin al'ada ce? Watan jiya da aka yi mana rashin yayana, da sassafe muka kai sanarwa muka biya, aka ce jana'iza ƙarfe biyu. Ba a karanta ba sai bayan la'asar, muna dawowa daga maƙabarta. 'Yan uwa na Zango da Sandamu har yau suna ganin mu muka ƙi gaya musu.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin lissafi, mai shagon awo,
Daura, Jihar Katsina.