Garkuwar da ke rage wa soja ƙarfi: a riƙa faɗa mana aibin gem kafin mu saya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na san wasu masu karatu da sun ga kalmar gem, wato wasan kwamfuta ko na waya, zasu ce yau kuma wane mara aikin yi aka ba fili, ga tsadar rayuwa ga rashin tsaro shi kuma ya zo yana mana maganar wasan yara. To su yi haƙuri, kuɗi ake sawa a sayi abin nan, data ake ƙonawa a sauke shi, kuma masu bugawar ba yara kaɗai bane, akwai magidanta har da masu furfura a ciki sai dai basa so a sani. Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda ake tallata mana waɗannan wasannin, a nuna maka hoton dawakai da ganuwa da wuta na tashi a ce kai wannan ya haɗu, amma babu mai buɗe baki ya ce maka ga inda ya lalace, sai ka saya ka gani da idonka.

Bari in ɗauki guda ɗaya wanda labarin tangarɗarsa ba ɓoyayye bane, wato Medieval II: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly ya yi, Sega ta fitar da shi a watan Nuwamban 2006. Tsohon gem ne amma bai mutu ba, don a Afrilun 2022 kamfanin Feral Interactive ya kawo shi waya, Android da iPhone, shi ya sa zaka ga yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ya fito yanzu suna maganarsa. Ga wanda bai sani ba, daula ake baka ka riƙe tun daga shekarar 1080 har 1530, ka gina birane, ka tara haraji, ka tura jakadu da 'yan kasuwa da 'yan leƙen asiri, in yaƙi ya zo kuma ka sauka fili da kanka ka jera dakaru dubbai kana basu umarni. Da farko dauloli biyar ake buɗe maka, Ingila, Faransa, Sifen, Benis da daular Rum mai tsarki ta Jamusawa, daga baya kana iya buɗe Masar da Turkawa da Musulmin Andalus da Magrib. Har Timbuktu tana cikin taswirar can ƙasa a gefen sahara, 'yan wasa na rububin tura fatake wajen saboda zinare da hauren giwa. Ni kam ina cikin masu sonsa, kada wani ya ɗauka ɓatanci na zo yi.

Amma ranka ya daɗe ka ji abin da aka sayar wa mutane a 2006. Kowace runduna tana da kati da ke nuna ƙarfin kariyarta, kuma lamba uku ake haɗawa, ta sulke, ta ƙwarewar soja wajen kare kansa, sai ta garkuwa. Hankali ya ce in garkuwarka babba ce ka fi wuyar kashewa ko? To a gem ɗin nan yadda ya fito, idan aka gwabza gaba da gaba, maimakon a ƙara maka lambar garkuwa sai a cire ta daga kariyarka. Wato duk girman garkuwarka duk saurin mutuwarka. Ka tara kuɗi ka gina bariki mai tsada ka ɗauki jarumai masu sulke da kwalkwali da garkuwa, ka jera masu māsu a bakin gada kana jiran dawakin abokan gaba, katinsu na ce maka waɗannan ba mai ture su, ana haɗuwa sai ka ga suna zubewa, kai kuma ka zauna kana tuhumar kanka ko jerin ne bai yi ba, ko tudu ya kamata in hau, ko da na ajiye 'yan baka a baya, alhali dabararka lafiyarta ƙalau, lissafin cikin injin ne a juye.

Wannan ita ce irin tangarɗar da ta fi ci mini rai, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Idan gem ya ɗauke ya jefo ka waje ka san ya ɗauke, ka yi tsaki ka sake kunnawa. Idan doki ya shige cikin bango ko soja ya tsaya a iska ka yi dariya ka ɗauki hoto ka tura wa abokai. Amma gem na dabarun yaƙi gaba ɗayansa a kan amana da lambobi aka gina shi, duk shawarar da zaka yanke daga abin da sikirin ya nuna maka take fitowa, to in lambar ƙarya take maka ai daidai yake da mudun da aka buga wa gindi, kana kallo ana auna maka ya cika har da tozo, sai ka je gida ka ga hatsin bai kai ba. Kuma abin haushin mutum zai iya yin wata da watanni yana koyon dabarun banza, ya yanke hukuncin cewa masu māsu ba su da amfani, dawakai ne komai, ya koya wa ƙaninsa ma haka.

Su waye suka gano? 'Yan wasa ne da kansu. Mutane suka zauna suna haɗa runduna biyu a fili ɗaya suna maimaitawa suna ƙirga gawa, sannan suka buɗe wani fayil mai suna export_descr_unit, rubutu ne kawai da ko Notepad zai buɗe maka shi, a ciki kowace runduna tana da layin da aka jera lambobin nan uku da waƙafi a tsakaninsu, suka riƙa canza ta ukun suna sake gwadawa, sai ga shi idan aka mai da garkuwa sifili sojan ya fi daɗewa a raye. Shikenan maganin wucin gadi ya zama a goge lambar garkuwar a ƙara ta a kan sauran, runduna bayan runduna. Kamfanin ya zo ya gyara a facin 1.2, wato gyaran da ake saukewa a ɗora a kan gem, da ya fito a 2007, madalla, amma facin nan ya haura mega 600, kuma duk wanda ya san yadda intanet take a wajenmu a 2007 ya san wannan ba ƙaramin abu bane, sai dai ka je kafe ka biya kuɗin kwana ka yi ta addu'a kada a ɗauke wuta. Yawancin masu bugawa a nan faifai suka saya a kasuwa, kuma abin da ke kan faifan shi suka yi ta bugawa shekara da shekaru ba tare da wani ya taɓa faɗa musu akwai faci ba ma.

Garkuwar ba ita kaɗai bace. Akwai masu riƙe makami da hannu biyu, irin masu dogon gatari na Ingila da masu gadin sarkin Rumawa na Kustantiniya, a kati lambar saransu abin tsoro ce, a fili kuma motsin da aka zana musu ya yi nauyi, kafin mutum ya ɗaga gatarin ya sauke an katse shi ya koma farko, har ta kai manoma da ake ɗauka da kuɗi kaɗan suna iya basu wuya, kuma a farkon fitowar gem ɗin in mahaya doki suka shigo cikinsu sai su tsaya suna kallo kamar an ɗaure musu hannu. Masu dogayen māsu su kuma da an taɓa su sai su yar da mashin su zaro ɗan takobi, abin da aka ɗauke su dominsa kenan suka yar, har sai da masu gyaran gem suka koma share musu takobin daga fayil don dole su riƙe mashin.

Barade fa? Ka ja su gefe ka daidaita sahu ka danna su kai sukuwa, sai mutum biyar na gaba su tafi da gudu su mutu, sauran su rage tafiya su iso a hankali su zaro takubba. In abokan gaba suka karye suna gudu ka ce a bi su, sai ka ga dawakinka na tafiya a gefensu kamar masu rakiya. Ga kuma wadda ake yi wa dariya, rundunar kwamfuta ta zo ta tsaya cak a fili, kai kuma ka jera 'yan baka su yi ta zuba musu kibau har kwari ya ƙare ba wanda ya motsa. Wannan ma nasara ce amma wallahi ba daɗi, don ba yaƙi ka yi ba.

Cikin gari ya fi ko'ina rikici. Ka ce runduna ta hau ganuwa sai rabi su hau rabi su tsaya a ƙofar hasumiya suna zagaye, ka ce su tsaya a lungu kaza alamar ta ƙi zama sai ka yi ta jan linzamin kwamfuta kana neman inda zata yarda, su kuwa masu tsani sun riga sun jingina sun fara hawa. A irin wannan lokacin sakan goma ma yawa ne.

Sai maganar jakadanci, wadda ita ma irin ta garkuwar ce, a ɓoye take. An gina gem ɗin ne a kan injin Rome: Total War na 2004, kuma an bar wasu layuka na tsohon a cikin fayil ɗin da ke lissafin mutuncin daula, sakamakon haka ko ka ci gari ka shiga cikin lumana baka washe ba baka kashe kowa ba, ana rage maka mutunci a idon sauran dauloli. Kai kana ganin kana kyautatawa, kana sakin fursunoni kana cika alkawari, can ƙasa kuma ana rubuta ka a mayaudari, shi ya sa ba mai yarda ya yi sulhu da kai ko da gari ɗaya ya rage masa. Ƙawayenka ma haka, wanda kuka yi shekara hamsin kuna amana har da auratayya sai ya aiko jirgin ruwa ƙwaya ɗaya ya tare maka tasha, shikenan an shiga yaƙi ba dalili ba riba. Daular Milan ta Italiya kam ta yi suna a wannan har ta zama abin barkwanci a wajen 'yan wasa. In kana riƙe da daular Kirista ka rama kuma Fafaroma ya aiko maka da gargaɗi ko ya kore ka daga coci, ga alƙalan cocin nan masu farautar 'yan bidi'a da a farkon fitowar gem ɗin suke yawo suna ƙone janar-janar har da 'ya'yan sarauta, sai da aka rage musu ƙarfi daga baya.

Adalci dai, ba duk abin da ya ba mutum mamaki bane kuskure. Misali kowane zagaye shekara biyu ne a kalanda amma mutanen ciki sai an yi zagaye biyu suke ƙara shekara ɗaya, don haka sarki na iya ganin ƙarni biyu, wannan da gangan aka yi don kada janar ɗinka ya tsufa kafin ya isa bakin daga. Zuwan Mongol da annobar da ke share birane a tsakiyar ƙarni na 14 da Timuriyawa masu giwaye ɗauke da igwa, duk wahala ce da aka shirya kuma ita ce daɗin abin. Mai sharhi na gari shi ne wanda zai raba maka wahalar da aka nufa da wadda sakaci ya haifar, kuma irinsa ne bamu da shi da Hausa.

Kuma a lura da su wa suka riƙe gem ɗin nan har yau, masu gyara ne na sa kai da ba a biyansu ko sisi, su suka yi gyararrun sigogin gem ɗin irin su Stainless Steel, su suka yi Broken Crescent da ya mai da hankali kan daulolin Musulmi na Gabas ta Tsakiya, suka toshe ramuka da yawa da aka bari. Kamfani kuma da ya zo fitar da Rome II a 2013 sai da ya fito ya ba mutane haƙuri saboda yawan matsalolin da ya zo da su, aka yi ta sakin faci bayan faci. Al'adar kenan yanzu a masana'antar, a sayar tukuna a gyara daga baya, ga wanda intanet ɗinsa ba iyaka wannan ɗan jira ne kawai, ga mai sayen data giga-giga kuma kowane faci wani sabon kuɗi ne.

Kada kuma a ce abin bai shafe mu ba, a Crusader Kings III na kamfanin Paradox da ya fito a 2020 har Daurama ta Daura suka saka, kana iya farawa da ita a shekarar 867. In har tarihinmu ya isa a saka a gem a sayar wa duniya, ai jaridarmu ma ta isa ta duba gem ɗin ta ce ga daidai ga kuskure.

Don haka roƙona Malam Edita, ku ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata, ku samu matashi wanda da gaske yana bugawa ba mai kwafo talla ba, ya riƙa faɗa mana wane siga ne na gem ɗin ke hannun mutane, wace tangarɗa aka sani a cikinsa, an gyara ko ba a gyara ba, facin mega nawa ne, yana buɗewa ba intanet ko sai da ita, kuma in ka yi afdet tsohon wasanka da ka ajiye zai buɗe ko ya tafi kenan. Masu tsohon faifan Medieval II kuma su duba lambar sigar da ke jikin nasu, in bata kai 1.2 ba to har yanzu garkuwar sojojinsu cutarsu take.

Na gode da wannan dama, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya