Filin jirgin garinmu da ciyawa ta cinye

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya zafin Kano? Mu nan sai ruwan sama da iskar teku, kullum mutum na cikin rigar sanyi.

Ka tambaye ni ko akwai jirgin da zai kawo ka Plymouth daga Landan idan Allah ya nufa ka zo. Sai da na yi dariya. Filin jirgi kam akwai shi, a Roborough, arewacin gari, kusa da asibitin Derriford, ta gefensa nake wucewa in zan tafi aiki. Amma an garƙame shi tun ranar 23 ga Disamba, 2011. Ciyawa ce yanzu ke tsirowa a tsagar kwaltar.

Kuma ba ƙaramin tarihi gare shi ba. Tun 1925 jirage ke sauka a wurin, a 1931 Yariman Wales ya buɗe shi a hukumance, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma soja suka karɓe shi. Zamanin da ya fi tashe shi ne na kamfanin Brymon, masu jirgin Dash 7, wani mai farfela huɗu da ke ɗaukar mutum kamar 50, wanda ɗan gajeren titi ya ishe shi tashi da sauka. Abin da ya fi ɗaure min kai ke nan: a 1982 matuƙin Brymon ne ya saukar da irin wannan jirgi a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Landan, don a gwada wa mutane cewa za a iya yin filin jirgin sama a wurin. Daga wannan gwaji aka samu filin London City a 1987. Ɗa na can yana cin kasuwarsa, uwa kuwa ta kwanta dama.

A ganina gajartar titin ce ta kashe shi. Mita 1,160 ne ko kusa da haka, gidaje sun kewaye shi, manyan jiragen kamfanonin tikiti mai araha ba sa iya sauka, sai mutane suka riƙa tafiya Exeter da Bristol. Kamfanin jirgi na Air Southwest ya riƙe harkar daga 2003, a farkon 2011 ya daina zuwa filin Gatwick na Landan, kafin watan Yuli ya ƙare fasinja ya ɗauke ƙafa. Tun daga nan ake ta ja-in-ja: masu hayar filin na son a yi gidaje, wasu 'yan gari na cewa a dawo da jirage. A 2015 ma wani ƙaramin jirgi ya yi saukar gaggawa a ciki saboda yanayi ya ɓaci, sai da ya yi makonni kafin a bar shi ya tashi.

An ji rashinsa a Fabrairun 2014, da igiyar ruwa ta wanke layin dogo a Dawlish, tsakanin Plymouth da Exeter. Wata biyu babu jirgin ƙasa zuwa Landan, na sama kuma babu.

Don haka ka sauka a Heathrow, ka hau jirgin ƙasa a tashar Paddington da ke cikin Landan, awa uku da ɗoriya. Ka nemi kujerar hagu, bayan Exeter za ka ga teku dab da taga. Ina nan a tasha ina jiranka. Kada ka wahalar da kanka da kilishi, kwastam za su ƙwace. Yaji da kuka sun wadatar.

A gaida Hajiya da mutanen majalisa.

Naka,
abokinka na Plymouth