Zuwa ga ɗana, a watanka na takwas a ƙasar waje

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, tun ranar da muka yi magana ta bidiyo hankalina bai kwanta ba. Bakinka yana cewa lafiya lau, ni kuwa idona yana kan abin da ke bayanka. Labule a sake da rana tsaka, akwatin da ka tafi da shi yana nan bakin ƙofa, rabin kayan ba a fitar ba, yau wata takwas. Mahaifiyarka ma ta gani, ta yi shiru ne don kada ka ji nauyi.

Na san hoton da ka tafi da shi a ranka, domin tare muka zana shi. Mun ga waɗanda suka riga ka tsaye gaban dogayen gine-gine, muka ɗauka rayuwar ke nan. Babu mai ɗaukar kansa hoto yana jiran mota da asuba cikin sanyi, ko yana lissafin abin da ya rage bayan haya da haraji. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mafi yawan ɗacin da kake ji daga nan yake, kana auna kowace ranarka da wata rayuwa da babu wanda ya taɓa yin ta. Da hannuna a cikin wannan, ka yafe mini.

Wannan lokacin da kake ciki sananne ne. Wani masani ɗan ƙasar Norway, Sverre Lysgaard, ya tattauna da mutum 200 'yan ƙasarsu da suka je Amurka karatu da bincike, ya fitar da sakamakon a 1955. Ya tarar waɗanda zamansu ya tsaya tsakanin wata 6 da wata 18 su suka fi shan wuyar sabo, fiye da waɗanda suka yi ƙasa da haka da waɗanda suka zarce. Ɗokin farko ya wuce, saiwa ba ta kama ba tukuna. Kana tsakiyar wannan kwarin, don haka kada ka yanke wa ƙasar hukunci yanzu, kada kuma ka yanke wa kanka.

Sanyi da dokokinsu da halin mutanensu ba a hannunka suke ba. Amma akwai abin da ke hannunka, kuma ya fi yadda kake zato yawa. Lokacin da na yi nawa zaman, shekarar farko daga aiki sai ɗaki. Duk abin da zan saya sai na juya kuɗinsa zuwa na gida a kaina, in mayar da shi in ajiye. Ina tarawa ina ramewa. Akwai wani dattijo a benen da nake, kowace Asabar sai ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce mu fita mu taka ƙafa. Sau uku ina ba shi uzuri. Ranar da na bi shi, ya nuna mini ɗakin karatu na unguwar, da likitan da zan yi rajista wurinsa, ya gyara mini kalmomi biyu da nake faɗa ba daidai ba har mutane na ɗaure mini fuska ban san dalili ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Garin nan dai shi ne na jiya, amma daga ranar na fara barci.

Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, fiye da shekara 80 ke nan, kuma abin da binciken ya fi nanatawa shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane tana gaba wajen lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Saboda haka ka zaɓi abokan zama da kyau. Ka yi nesa da majalisar da kullum zagin ƙasar ake yi, haka ma wadda ake gasar mota da sutura a kan bashi. Ka koyi harshensu da gaske, ko da ana dariyar lafazinka. Takardunka kuwa ka riƙe su kamar ƙwai, kada ƙarin awoyin aiki su kai ka ga ƙetare abin da izininka ya yarje maka.

Maganar aike: na ɗauke maka. Kada ka sake turo ko sisi sai ka tsaya da ƙafarka, kuma duk wanda ya matsa maka ka ce ya kira ni. In shekara biyu ta cika ka ga zaman bai karɓe ka ba, dawowa ba abin kunya ba ne, ni zan tarbe ka a filin jirgi.

Ranar Lahadi zan kira bayan la'asar ɗinku. Ina so in ga labulen a ɗage, akwatin a ƙarƙashin gado, ka kuma gaya mini sunan mutum ɗaya da kuka zauna kuka yi hira a makon nan. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.