Godiya ga gidan rediyon da ya tuna da mu mazauna bayan dutse

Assalamu alaikum, shugaba da ma'aikata. Daga wani ƙauye nake rubuto muku, a gindin duwatsun Mandara, yankin Mubi.

Shekara da shekaru muna kama BBC da DW a gajeren zango tangaram, amma FM daga Yola sai shuuu kamar ana suyar ƙosai. Mun san abin da ake ciki a Landan, ba mu san ranar rabon taki a jiharmu ba. Mahaifina ya ɗaura waya a gora, ya kafa bisa rufi, ya sauya rediyo har uku, duk a banza. Rasuwar wani amininsa ma sai bayan sadakar uku muka ji, alhali an yi ta sanarwa.

Da na kawo kuka ofishinku, wallahi na shirya jin "dawo gobe". Sai wani matashin injiniya ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, rediyonku lafiyarsa ƙalau." Ya kunna tocilan wayarsa, ya tare hasken da tafin hannu. Wai haka FM take, miƙe take tafiya, dutse ya tare ta shi ke nan, mu muna cikin inuwar. Gajeren zango kuwa sama yake bugowa ya sauko, shi ya sa dutse bai dame shi ba. Maganin shi ne ƙaramar tasha a kan tudu: eriya ta kamo shirin daga babbar tasha, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ta zubo shi cikin kwari a lamba ɗaya da ta babbar tashar, sai dai a saita da kyau kada muryoyin biyu su yi karo. Ko a makaranta ba a taɓa yi mini bayani haka ba.

An kafa ƙaramar tashar, da sola. Tafsirin bana a tsakar gida muka saurara, mahaifina har da ƙwalla.

Wasu gidajen rediyon kuwa, na rubuta musu sau biyu, ko "mun gani" babu, amma lokacin zaɓe sun san hanyar garinmu. Haka masu layin waya: an kafa dogon ƙarfe, man janareta ya ƙare, sai ka hau dutse kafin ka ce "halo", kuɗin katinka kuma na tafiya.

A gaishe mini da injiniyan nan. Allah ya yi masa albarka.